Babi na Bakwai: A Ina Ka Gani?

Duk wanda ya taɓa aika maƙala zuwa mujallar ilimin halayyar ɗan Adam ya san takaicin da ke shafukan ƙarshe. Mutum ya shekara yana tattara bayanai, ya yi lissafinsa, ya rubuta abin da ya gano, sai a dawo masa da aikin tun masana ba su kai ga dubawa ba, wai ya sa waƙafi inda ake son aya, ko sunan mujalla bai karkata ba, ko kuma wani suna da ya ambata a shafi na huɗu babu shi a jerin manazarta. Ɗalibai suna ɗaukar wannan a matsayin neman fitina kawai. Manyan malamai kuwa sukan damƙa wa na ƙasa da su aikin, su juya baya. A ganina dukansu sun raina abin da ba na rainawa ba ne, amma su ma masu kare ƙa'idar sau da yawa suna kare ta ne ta inda ba ta da ƙarfi. Madogara alkawari ce tsakanin marubuci da mai karatu: na ga wannan magana da idona, ga kuma inda za ka same ta in kana shakka. Duk ƙa'idar da ke taimaka wa mai karatu ya bi sawun maganar har tushenta ta cancanci wahalar da ake sha a kanta. Sauran kuwa al'ada ce, ana bin ta don a zauna lafiya da edita, kuma bai kamata a ba ta girman da ba nata ba.

Tsarin da mafi yawan mujallun wannan fanni suke bi shi ne na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, wadda aka kafa a 1892, aka kuma fi sani da APA. Asalinsa ɗan ƙarami ne ƙwarai. A 1929 mujallar Psychological Bulletin ta buga wani bayani mai shafi bakwai kacal kan yadda ake shirya rubutu kafin a aika shi maɗaba'a. Kwamitin da ya tsara shi, ƙarƙashin jagorancin Madison Bentley, ya ƙunshi masana halayya da masana al'adun bil'adama da manajojin harkar ɗab'i, kuma kasancewar waɗannan na ƙarshe a ciki ya nuna inda gizo ke saƙar: rubuce-rubuce suna shigowa kowa da salonsa, editoci da masu jera haruffa suna asarar lokaci da kuɗi wajen daidaita su. Mutanen ba su ma ce doka suka kafa ba, sun gabatar da shi ne a matsayin ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi idan an shiga shakka. A 1944 bayanin ya zama shafi 32, a 1952 ya fito a matsayin littafin jagora mai kimanin shafi 60, daga nan sai bugu ya riƙa bin bugu: 1974, 1983, 1994, 2001, 2009, sai na bakwai da ya fito a Oktoban 2019, wanda ya haura shafi 400. Shawara ta rikiɗe ta zama doka, kuma dokar ta ƙetare iyakar fanninta har ta shiga sassan nazarin ilimi da aikin jinya da zamantakewa a jami'o'in duniya, ciki har da namu na Nijeriya, inda ɗalibin da bai taɓa buɗe littafin ba yake rubuta kundinsa a kan tsarin.

Ginshiƙin tsarin shi ne a rubuta sunan marubuci da shekarar bugu a cikin jimlar kanta. Wannan dabara ta girmi littafin APA, domin ana danganta ta da Edward Laurens Mark, masanin dabbobi na Jami'ar Harvard, wanda ya yi amfani da ita a 1881. Likitoci sun bi wata hanyar dabam: tun bayan taron da editocin mujallunsu suka yi a Vancouver ta ƙasar Kanada a 1978, sukan sa lamba kawai a ƙarshen jimla, mai son sanin wanda ya faɗa sai ya juya zuwa bayan maƙala. Hanyar likitoci ta fi tsafta a ido, ba musu. Jimlar masanin halayya takan yi nauyi idan aka loda mata sunaye shida a cikin baka biyu. Amma ilimin halayya fanni ne da shekara take da magana a cikinsa. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da manyan mujallu uku suka buga, kashi 97 cikin ɗari na asalin gwaje-gwajen sun ba da sakamako mai ƙarfi a lissafi, amma a maimaicin kashi 36 ne kawai suka bayar. A fannin da haka ke faruwa, mai karatu yana da haƙƙin ganin cewa hujjar da aka kawo masa ta 1971 ce ko ta 2021 ba tare da ya ɗaga ido daga jimlar ba. Sunan ma haka: wanda ya daɗe a fanni yana ganin suna ya san makarantar tunanin da maganar ta fito, ya san irin nauyin da zai ba ta.

Mu ɗauki shigarwa guda mu dube ta kusa. A 1968 John Darley da Bibb Latané sun buga shahararren bincikensu kan dalilin da ke sa mutane su ƙi kai agaji idan suka ga akwai wasu a wurin. A cikin jimla za a rubuta (Darley & Latané, 1968). A jerin manazarta kuwa za a fara da Darley, J. M., & Latané, B., sai 1968 a cikin baka biyu da aya a bayanta, sai taken maƙalar a miƙe ba tare da an manyanta kowace kalma ba, sai sunan mujallar, Journal of Personality and Social Psychology, a karkace, sai lambar juzu'i 8 ita ma a karkace, sai lambar fitowa 4 a cikin baka biyu a miƙe, sai shafi 377 zuwa 383, sannan lambar DOI, wadda bayaninta zai zo a gaba. Layin farko yana farawa daga gefe, sauran layukan a tura su ciki da rabin inci domin ido ya riƙa gangarowa kan sunaye. In aka ajiye kwalliyar gefe, tambaya huɗu ce ake amsawa a jere, kuma ba ta canzawa ko littafi ne ko kundin digiri ko rahoton hukuma: wa ya rubuta, yaushe, me ya rubuta, a ina yake. Ayoyin da ke tsakani su ne ke nuna inda amsa ta ƙare wata ta fara. Karkatar rubutun ma tana da aiki, domin tana gaya wa mai nema abin da zai tambaya a ɗakin karatu: in littafi ne, takensa ake karkatarwa, in maƙala ce, sunan mujallar da ta ɗauko ta. Wanda ya gane wannan ba ya bukatar haddace misali ɗari.

Sauran ƙa'idojin cikin jimla duk daga wannan tushe suke. Duk sunan da aka ambata a jiki dole ya bayyana a jeri, in ban da 'yan keɓantattu da za mu gani a gaba, duk wanda ke jeri dole an ambace shi a jiki, don haka jerin manazarta ba wurin baje kolin littattafan da mutum ya taɓa gani ba ne. Idan marubuci ɗaya ya buga abu biyu a shekara guda sai a bambanta su da harafi, 2010a da 2010b. Idan marubuta sun kai uku ko fiye, bugu na bakwai ya ce a rubuta na farko kawai a bi shi da gajeruwar kalmar Latin et al., ma'ana da sauransu, amma a jerin manazarta a kawo sunaye har 20. Idan aka ɗauko kalmomin wani kamar yadda ya rubuta su, lambar shafi wajibi ce, in kuma sun kai kalma 40 sai a ware su a sakin layi nasu. Tsohon aikin da aka sake bugawa ko aka fassara yakan ɗauki shekara biyu, shi ya sa ake ganin Freud da 1900/1953, don kada mai karatu ya zaci mutumin da ya rasu a 1939 yana ta rubutu bayan mutuwarsa. Littattafan addini ana ambaton su da sura da aya, ba da shafi ba, tunda shafi yana canzawa daga bugu zuwa bugu.

To me ya sa duk wannan ya isa a ɓata masa babi guda? Saboda ilimin halayya yana da tarihin labaran da suka lalace a hanya, kuma a wurin madogara suka lalace. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner, a Jami'ar Johns Hopkins, suka buga rahoton gwajin da suka yi da wani jariri da suka kira Albert. Sukan nuna masa farin ɓera, sai a buga sandar ƙarfe da guduma a bayan kansa, har ya kai ga yana kuka da ganin ɓeran. Babu ɗalibin fannin da bai ji wannan labari ba. A 1979 Ben Harris ya koma ya karanta asalin rahoton, ya kwatanta shi da abin da littattafan koyarwa ke faɗa, sai ya tarar da abin mamaki. Wasu sun mai da ɓeran zomo. Wasu sun yi kuskuren shekarun yaron. Wasu sun ƙara jerin abubuwan da wai ya koma tsoro, waɗanda ba a gwada shi da su ba. Wasu ma sun ba labarin kyakkyawan ƙarshe, suka ce an cire masa tsoron kafin a sallame shi, alhali rahoton ya nuna an ɗauke yaron daga asibitin ba a yi hakan ba. Shi kansa Watson ya riƙa sauya bayanin a rubuce-rubucensa na baya. Abin lura shi ne da yawa daga waɗannan marubuta sun san sunan Watson da shekarar 1920 sarai. Abin da ba su yi ba shi ne buɗe mujallar.

Labarin Kitty Genovese ya fi wannan nauyi, domin shi ne ya zaburar da binciken Darley da Latané da muka duba ɗazu. An kashe ta a unguwar Kew Gardens ta birnin New York a watan Maris na 1964, bayan mako biyu jaridar New York Times ta ba da labarin cewa mutum 38 suna kallo babu wanda ya motsa. Shekaru arba'in littattafan fannin suna maimaita wannan adadi. A 2007 Rachel Manning da Mark Levine da Alan Collins suka koma ga bayanan shari'ar, suka nuna babu hujjar cewa mutum 38 sun tsaya suna kallon kisan daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba kowa ne ya yi shiru ba. Jaridar ma daga baya ta amsa cewa an zuzuta labarin. Gwajin Darley da Latané yana nan da ƙafafunsa, domin a ɗakin bincike aka yi shi, amma labarin da ake buɗe darasin da shi ya zama tatsuniyar malamai. Haka dalar nan ta bukatun ɗan Adam da ake zanawa a allo a sa mata sunan Abraham Maslow da shekarar 1943: maƙalar tasa ta wannan shekara ta jera bukatun, amma babu zanen dala a cikinta, wasu ne suka zana daga baya.

Ana iya cewa waɗannan 'yan misalai ne aka tsinto. Amma akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin auna girman matsalar, kuma dabarar da suka bi tana da daɗin ji. Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury na Jami'ar California da ke Los Angeles sun ɗauki wata shahararriyar maƙalar kimiyyar fiziya ta 1973 da aka ambata kimanin sau 4,300, suka ƙirga kurakuran da aka yi wajen rubuta juzu'inta da shafinta da shekararta. Sun sami ambato 196 masu kuskure, amma nau'in kuskuren 45 ne kawai, kuma kuskure guda ya maimaitu sau 78. Mutum 78 ba za su yi tuntuɓe iri ɗaya a lamba ɗaya ba sai in daga juna suke kwafa. Daga nan suka ƙiyasta, a 2003, cewa kimanin kashi 20 cikin ɗari ne kawai na masu ambato suka karanta abin da suke ambata. Ƙiyasin yana da rauni, domin mutum na iya karanta maƙala sannan ya kwafi adireshinta daga wani, amma ko an rage rabi abin da ya saura ya isa tayar da hankali. Kuma wani lokaci kuɗin da ake biya rai ne. A 1980 Jane Porter da Hershel Jick sun aika wa mujallar likitoci ta New England wasiƙa mai jimla biyar, suka ce cikin marasa lafiya 11,882 da aka ba maganin kashe zafi mai bugarwa a asibiti, huɗu ne kawai suka kamu da jarabarsa. A 2017 wasu masu bincike suka ƙirga ambato 608 na wannan wasiƙa, kashi 72 cikin ɗari sun kafa hujja da ita cewa jarabar ba kasafai take kama mutane ba, kusan kashi 81 kuma ba su faɗi cewa mutanen a gadon asibiti suke ƙarƙashin idon likita ba. Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a annobar waɗannan magunguna, kuma wannan wasiƙa tana cikin abubuwan da aka yi ta dogara da su.

Mai karatun da ya zauna gaban malamin hadisi ba baƙo ba ne a nan. Malaman wannan fanni ba sa karɓar matani sai sun ga isnadi, kuma suna ɗaukar aibi ne babba mai ruwaya ya tsallake wanda ya ji maganar daga bakinsa ya jingina ta kai tsaye ga na sama, abin da suke kira tadlisi. Marubucin da ya karanta littafin koyarwa na bara, ya ga an ambaci Watson da Rayner, ya ɗauko sunansu da 1920 ya liƙa a jimlarsa kamar ya karanta su, abin da ya yi ke nan. Littafin APA yana da magani, kuma shi ne ƙa'idar da aka fi takawa: ka nemi asali ka karanta, in ya gagara, ka faɗi cewa maganar wane ce kamar yadda wane ya kawo ta, sannan a jerin manazarta ka sa wanda ka karanta kaɗai. Mutane suna gudun wannan ne don yana tona cewa ba su kai ga tushe ba. Amma wannan tonon shi ne amfaninsa. Mai karatu ya san akwai mutum a tsakani, ya san kuma wanda zai tuhuma in maganar ta karkace.

Ƙorafi na farko da za a yi mini daga hujjojina ya fito. Idan marubutan da suka ɓata labarin Albert suna iya rubuta madogara daidai, waƙafi a wurinsa, aya a wurinta, ashe tsarin bai tsare komai ba ke nan, ƙarya ma ya yi wa ado. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa editan da ke ƙirga waƙafi bai taɓa buɗe madogara ko ɗaya ba yake aikin banza. Amma a tambayi yadda aka yi aka kama kuskuren. Harris ya kama shi ne domin akwai suna da shekara da mujalla da zai bi. Masu ƙirga ambaton wasiƙar Porter da Jick sun iya ƙirgawa ne domin kowane ambato yana ɗauke da alamomi iri ɗaya da na'ura za ta gane. Maganar da aka ce wai masana sun tabbatar, ba suna ba shekara, ba ta da ranar kamuwa, sai dai ta yi ta yawo. Tsari ba ya hana ƙarya, amma yana sa ta bar sawu, kuma a harkar ilimi babu abin da ya fi wannan da za a iya nema daga ƙa'ida.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: lokaci. Wani bincike da mujallar PLOS ONE ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mai bincike yana kashe kimanin awa 14 wajen daidaita tsarin maƙala guda, kimanin awa 52 a shekara. Maƙalar da wata mujalla ta ƙi sai an sake mata tsari kafin a kai ta wata, alhali ba a ƙara mata ilimi ko ƙwaya ɗaya ba. Ga kuma ƙa'idojin da ke sauyawa: bugu na shida ya ce a rubuta garin da maɗaba'a take, na bakwai ya ce a bari, na shida ya tsaya a sunaye bakwai, na bakwai ya kai 20. Har ma bugun farko na littafin 2009 ya fito da kurakurai masu yawa a cikin misalansa, sai da ƙungiyar ta fitar da gyara ta kuma musanya wa masu saye. In masu dokar sun yi tuntuɓe a kanta, da wane ido za a kalli ɗalibi? A nan na sallama. Babu dalilin da zai sa a mayar da maƙala saboda alamar & ko rabin inci tun ba a san ko za a buga ta ba, kuma mujallu da dama, ciki har da na kamfanin Elsevier, sun fara karɓar rubutu a kowane tsari muddin bayanan sun cika, sai an amince da shi a daidaita. Manhajoji irin su Zotero, wadda kyauta ce kuma ta fito daga Jami'ar George Mason a 2006, da Mendeley da EndNote, suna juya jeri daga wannan tsari zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. Sai dai abin da aka zuba musu shi suke fitarwa. In bayanan da aka sauko da su daga intanet sun sa sunan yanka a gurbin sunan dangi, ko sun ɗauki sunan hukuma suka gutsuttsura shi kamar na mutum, haka zai fito, tsaf-tsaf da kuskurensa.

Ƙorafi na uku shi ne tsarin ba ɗan ba-ruwanmu ba ne kamar yadda yake nunawa. Charles Bazerman ya yi bayani a 1988 cewa littafin APA yana ɗauke da tunanin wata makaranta guda, wadda ke ganin ilimi tubali ne ake ɗorawa kan tubali, kowane bincike da shekararsa. Wannan ya dace da gwajin ɗakin bincike, amma yana matse mai rubutun tarihi ko falsafa. Mu kuma inda ya fi matse mu shi ne suna. An gina tsarin ne a kan mutanen da ke gadon sunan dangi guda daga kakanni, don haka yake ɗaukar suna na ƙarshe ya taƙaita sauran zuwa haruffa. Bahaushe sunansa ne da na mahaifinsa, sau da yawa da na garinsu. Ibrahim Yaro Yahaya ya zama Yahaya, I. Y., Sa'idu Muhammad Gusau ya zama Gusau, S. M., wato sunan gari ya hau kujerar sunan dangi. Wannan ba laifi ba ne muddin marubucin ya tsaya a kan tsari ɗaya. Matsalar tana zuwa ne idan yau ya sa sunan uba a ƙarshe, gobe na gari, jibi ya rubuta Mohammed inda jiya ya rubuta Muhammad. Rumbunan da ke ƙirga ambato, waɗanda suka samo asali daga aikin Eugene Garfield na 1964, za su raba shi mutum uku, kowanne da ɗan guntun aikinsa, kuma da wannan ƙidaya ake duba ƙarin girma a jami'o'i da yawa. Mutanen Sin suna fama da akasin haka, dubbai suna tarayya a suna guda da harafi guda. Maganin da aka samar tun 2012 shi ne ORCID, lamba mai gurbi 16 da mai bincike ke yin rajistarta kyauta ta bi shi duk inda ya buga. Shi kuma mai ambaton wani, ya rubuta sunan kamar yadda mai shi ya sa a kan aikin, kada ya gyara masa.

Haka batun maganar baka. Ƙa'idar ta ce hirar da ka yi da wani, ko wasiƙar da ya aiko maka, a jiki kawai ake ambaton ta da sunansa da kwanan wata, ba ta shiga jerin manazarta. Wanda ya saba da kundayen nazarin Hausa, inda akan jera dattawan da aka yi hira da su a ƙarshen aiki, zai ga kamar an rage musu daraja. Dalilin dai shi ne wanda muka faro da shi: jerin na abin da mai karatu zai iya nemowa ne da kansa. Bugu na bakwai ya ɗan gyara, ya ba da hanyar ambaton ilimin gargajiya da ake gada ta baka, da cikakken sunan mai maganar da al'ummarsa da wurinsa. Hanya mafi inganci ita ce a naɗi hirar da izinin mai ita a ajiye a taskar da wasu za su iya shiga, daga nan ta cancanci shiga jeri kamar kowane littafi. Wannan bai shafi mutanen da aka yi bincike a kansu ba, su sirrinsu ake tsarewa, ba a ambaton sunansu ko kaɗan.

Abin da ya fi sauya aikin a zamaninmu shi ne DOI, lambar dindindin da aka fara liƙa wa maƙalu ta hannun ƙungiyar Crossref tun 2000. Adireshin intanet yakan mutu idan mujalla ta sauya gida, ita kuwa wannan lamba tana kai mutum inda maƙalar ta koma. Tana kuma nuna masa abin da tsohon kwafin da ke kwamfutarsa ba zai nuna ba, wato ko an janye maƙalar. Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan, wanda asirinsa ya tonu a 2011 cewa ƙirƙirar bayanai yake yi, an janye masa maƙalu 58, kuma duk wanda ya kwafi jerin wani ba tare da dubawa ba yana iya jingina hujjarsa da ɗaya daga cikinsu. Zotero tun 2019 tana sa jan gargaɗi a kan irin waɗannan. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, masu iya ƙera madogarar da babu ita a duniya, da sunan masani na gaske da mujalla ta gaske da juzu'i da shafi, a tsarin da babu editan da zai kushe. A 2023 wani alƙalin tarayya a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar masa da hukunce-hukuncen ƙarya da ChatGPT ta ƙago musu. Kyan tsari ya daina zama shaidar cewa mutum ya yi aiki, tunda na'ura ta fi kowa iya shi.

Saboda haka kafin ka aika maƙalarka, bar waƙafi ga manhaja, kai kuma ka ɗauki jerin manazartanka ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ka latsa kowace DOI ka ga ko ta kai ka inda ka ce. Ka nemi jimlar da ka jingina wa kowane suna, ka gano shafin da mai sunan ya faɗi haka. Wanda ba ka karanta ba, ko dai ka nemo shi ka karanta, ko ka faɗi ta hannun wanda ka ji, ko ka cire shi.